Ɗalhatu, Ka Riga Ni Har a Wurin Ɗana

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, ina tsaye a sitona na unguwar Al Quoz a Dubai ana loda kwantenar Kano, ɗana Kamal ya kira daga New York ya ce Barista Ɗalhatu ya rasu. Kuka yake yi sosai. Allah Ya yafe mini, abin da ya fara zuwa raina shi ne, ko ni zai yi wa irin wannan kuka?

Ɗalhatu, benci ɗaya muka zauna a sakandare. Kai ka wuce jami'a har Amurka, ni na shiga Kantin Kwari da ƙafata. Na zo Dubai ba wanda ya riƙe mini hannu, yau mutum ashirin ke cin abinci a ƙarƙashina. In ka sauka gidana a Abu Hail kana ce mini Sarkin Kwali, ina ce maka Malam Turanci. Ban taɓa jin ka fi ni ba, sai a kan Kamal.

Yana ɗalibi a Amurka aka kama shi da agogunan da na aika masa ya sayar, ashe jabu ne. Na ce masa ya yi yadda muke yi a kasuwa in an kai ƙara gaban manya: ya sunkuyar da kai, ya amsa laifi, ya ba da haƙuri, khalas, shi ke nan. Ya bi maganata. Bayan shekara goma sha ɗaya, ga iyali, ga takardar zama ta dindindin, ya zo mana hutu. Yana komawa aka tsare shi a filin jirgi, aka ce wancan amsa laifin ya isa a kore shi daga ƙasar.

Ban neme ka ba, girman kai ya hana ni. Matarsa ce ta neme ka. Ka tono tsohon fayil, ka nuna wa kotu cewa lauyansa na farko bai taɓa gaya masa amsa laifi zai taɓa zamansa ba. Wata goma sha huɗu kana kai da komo, alƙali ya soke hukuncin. Na ji mutane da yawa ka yi wa haka. Da na daure na kira ka, ban iya furta godiya ba, na ce ni na jefa yaron cikin wannan hali. Ka ce, "Labaran, ai kai ma ba a gaya maka ba."

Da aka haifa wa Kamal ɗa namiji, jikana na fari, har rago na sa aka saya ina jiran sunana. Aka sa Ɗalhatu. Kuma Abba suke kiransa a gidan, yadda ake ɓoye sunan mahaifi. Shekara uku ina ce masa yaron nan. Ka sani, ba ka taɓa tayar da zancen ba.

Jiya aka haɗa ni da yaron a waya, yana ta zuba mini Turanci. Na ce, "Abba, ka gaji Malam Turanci ko?" Ban ƙarasa ba na miƙa wa matata wayar.

Kishin bai gama fita ba, ba zan yi maka ƙarya kana kabari ba. Amma na gode, Ɗalhatu.

Allah Ya jiƙanka, Ya shafe naka laifukan yadda ka tsaya aka shafe na 'ya'yan mutane. Matarka Hajiya Hadijatu da yara, Allah Ya ba su haƙuri, tare da Kamal, don shi ma ya rasa uba. Allah Ya raya Abba, Ya ba shi iliminka. Kasuwa kuwa, ni zan koya masa.

Alhaji Labaran Mato
Abu Hail, Dubai