Zinariya a Gindin Randa

Mun tashi da asuba daga Gangara, ni da Baba da Kaka, raɓa na jiƙa mana bakin zane. Kaka na da ciwon sukari, kuma wani miki a ɗan yatsan ƙafarta ya ƙi warkewa tun kafin shuka. Abin da ya ɗaure mana kai, na'urar gwajinta kullum cewa take sukarin lafiya lau, har Kaka ta rage shan magani. Baba bai faɗa ba, amma na san yanke ƙafar yake tsoro. Shi ya sa muka nufi Gidan Rumji, inda Goggo, ƙanwarsa, take aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti.

A Gazawa muka shiga mota. Na samu gefen taga. Gero ya kai gwiwa, itatuwan gawo kuwa tsirara suke tsaye cikin kore, kamar su kaɗai ba a gaya wa damina ta sauka ba. A Agye 'yan mata suka kewaye mu da aya da dafaffiyar gyaɗa, ƙulli dala ashirin. Kaka ta hango mai rake, ta kalli Baba, Baba ya kalli sama. Bayan Maradi na yi gyangyaɗi, na ga kamar gonaki ne ke tafiya, mu muna tsaye.

Goggo ta duba ƙafar. Ta gwada jinin Kaka da tsinken gwajin na'urarmu, ta sake gwadawa da na asibitin. Lambar ta biyu ta kusa ninka ta farko.

"Inna, ina kike ajiye tsinkayen nan?"

"Ba ke kika ce wuri mai sanyi ba? Murfin kwalbarsu ya fi ƙarfin yatsuna, sai na juye su a tsumma na sa a gindin randa. Duk gidan ina ya kai can sanyi?"

"Wayyo Inna! Ai kin yi musu jiƙo!"

Ana wanke mikin, Goggo ta ga na ƙura wa tsinken ido, ta jawo ni. Ta ce a bakin irin wannan tsinke akwai ƙwayoyin zinariya, ƙanana har ido ba ya ganinsu. Kowace an sa mata siririyar riga ta wani abu mai kama da danƙo, folimer, don kada su dunƙule. Rigar ce kuma ke riƙe wani sinadari, anzim, mai cin sukarin da ke cikin ɗigon jini. In ya ci, sai ya saki 'yar wutar lantarki, zinariyar ta miƙa ta, na'ura ta mai da ita lamba. Laima ta raunana anzim ɗin, yana ci kaɗan, yana faɗin kaɗan.

Ina da tambayoyi, kunya ta hana ni. Ni dai sai ganinsu nake, dubban 'yan matan zinariya cikin riguna shara-shara, sun yi layi a bakin jan tafki, suna miƙa wa juna fitila.

Likita ya ce mun zo a kan gaɓa, ƙafa za ta tsira in an kiyaye. Baba ya fita waje, ya daɗe yana gyara hula.

Kwana biyu muka yi, muka juyo da magani da sabuwar kwalbar tsinkaye mai sauƙin buɗewa. Tafiyar ta koya mini cewa abin da ido bai gani ba shi ma yana da haƙƙin a kula da shi, in ba haka ba ya yi maka ƙarya mai daɗi. Washegari da safe aka gwada Kaka a tsakar gida. Lambar ta fito sama, mummuna. Baba ya ce, "Alhamdu lillahi, ta dawo hayyacinta."

Kaka ta harare shi ta ce, "Ɗan nan, ni ko na'urar?" Sannan ta miƙo hannu a ba ta maganinta.