Ƙofar zuciyar Nafisa

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu aiko saƙo daga Tajaye da Konni, na gani, amsawa ce na kasa. Yau zan faɗa.

Ɗiyata Nafisa tana da wata biyu na lura ba ta iya shan nono. Ta kama, ta saki, tana haki, goshinta sharkaf da zufa. In ta yi kuka leɓɓanta su yi duhu.

Innata ta ce, "Rabi, zafi ne, kin cika tsoro."

Ban yarda ba. Na taɓa ganin wannan. Ɗana na fari, Abdu, haka ya yi ta yi. Muka ba shi jiƙe-jiƙe, aka yi rubutu. Yana da wata huɗu ya rasu a bayana, ina daka.

Ban jira kowa ba, na goya ta zuwa asibiti a Konni. Likita ya ɗora abin aunawa a ƙirjinta, ya daɗe yana saurare. Ya ce, "Akwai wata ƙara a zuciyarta. Ku tafi Yamai."

A Yamai aka yi mata hoton zuciya. Wata likita ta zana mini a takarda: ƙofar da jini ke bi daga zuciya zuwa huhu ce ta matse, haka aka haife ta. Sai ta tambaye ni, "Kin taɓa rasa yaro?"

Na ba ta labarin Abdu. Na ce, "Shi ma wannan ne?"

Ta ce, "Ba mai iya sani yanzu."

Har yau wannan amsa ba ta bar ni ba.

Ta ce ba za a tsaga ƙirji ba. Za a zura siririn bututu ta jijiyar gindin cinya har zuciya, a bakinsa akwai ɗan balan-balan, a hura shi ya buɗe ƙofar. Mijina ya ce, "Balan-balan? Irin na yara?" Ba wanda ya yi dariya.

Sati uku muna jiran layi. Mijina ya sayar da san nomansa don kuɗin aikin.

Ranar aikin aka hana ni ba ta nono. Tana kuka tana laluben rigata, ni ina juya mata baya. Da aka karɓe ta, zanen goyonta ya rage a hannuna, da ɗumi. Haka na Abdu ya rage.

Ban san awa nawa ba. Likitar ta fito ta ce, "Ta buɗe."

Ɗan filasta kawai na gani a cinyarta. Da ta farka ta sha nono har ta ƙoshi, ba ta saki ba ko sau ɗaya.

Yanzu tana rarrafe. Muna komawa awo, an ce ƙofar kan iya sake matsewa. Ni kuwa ko tuwo nake tuƙawa sai na aje muciya na je na taɓa ƙirjinta.

Alhamdulillahi. Likitoci, masu jinya, matan da suka raba tabarma da ni a harabar asibiti, Allah Ya saka muku.

'Yar uwa, in jaririnki na sakin nono yana haki, yana zufa, ba ya ƙara nauyi, kai shi a saurari ƙirjinsa. Kada ki jira ranar kasuwa don samun mota. Ki tafi ran nan.