Raƙuman da Na Shigar Ajin Surukina

Bari in fara da wautata tun kafin wani ya riga ni kawo muku ita. Rani ɗaya tak na zauna ajin yaƙi da jahilci a nan Tambuwal, rabinsa ma gyangyaɗi ne, amma da aka tambaye ni ko na iya karatun boko sai na ce sarai. Wannan sarai ɗin ita ta kai ni hayin Kebbe makon jiya.

Mijin ɗiyata ne ke koyar da ajin magidanta a wani ƙauye can gaba da Kebbe. Mutanen suka gaji da ba, bi, bu, suka watse. Sai ya tuna wani labari da nakan bayar a zaure, na wasu mutane da yunwa ta koro daga arewa zamanin kakanni, suka ratso daji da 'ya'yansu har suka sami wurin zama. Ƙashin labarin a bakin kakata na ji shi, naman kuwa nawa ne. Ɗiyata ta ba shi yadda ta riƙe, ya yayyanka shi gajere-gajere yana rubuta musu a allo. Jama'a suka fara dawowa. Ana cikin haka aka aiko daga ofis cewa mai duba aji zai zo, in bai ji wani ya yi karatu da bakinsa ba za a rufe ajin, surukina ya rasa aikinsa. Ɗiyata ta aiko in zo, wai in an ji mai labarin ya iso kowa zai fito ranar.

Mun tashi da asuba, ni da mai duba ajin, wani dogon mutum mai keke wanda ba ya dariya sai ya waiga ya ga ba mai kallonsa. Motar kasuwa muka shiga, mai bodin katako, aka ɗaure kekensa a sama tare da kwandunan kaji. Kuɗin mota sule da sisi. Wani mutumin Jabo da ke zaune kan buhun geronsa ya tambayi direba, tunda an sami mulkin kai ba za a rage ba? Direba ya ce mulkin bai iso gidan mai ba tukuna.

Muna barin babbar hanya aiki ya fara. Damina ta tafi ta bar ramukanta, inda babu rami kuma yashi ne. Duk inda mota ta kafe sai a ce maza su sauko su tura. Ni na dafa bodi ina nishi fiye da kowa, ƙarfin dai na bar wa samari. Amma gonaki sun yi kyau bana. An girbe gero an jingine dammuna, dawa ta sunkuya tana jiran wuƙa, Fulani sun shigo da shanu cikin karan da aka gama da shi. A wata mararraba muka sha fura da nono ta kwabo, ƙwarya cike, har da man shanu yana yawo a sama. Abokin tafiyata ya ciro hoce, gasasshiyar wainar dawa, daga jakarsa ya ɓalla mini rabi, a nan na gane ba mugun mutum ba ne, fuskar ce kawai ta aiki.

Kasuwar Kebbe ta cika lokacin da muka isa. Busasshen kifi ya fi na wajenmu araha nesa ba kusa ba, ga gyaɗa, ga rake, ga tabarmi. Gishiri ne da kananzir suka yi tsada. Daga nan ƙafa ce har bakin gulbi, muka shiga kwalekwale. Mai duba aji ya rungume kekensa kamar jariri, ni na rungume salati.

Surukina na hango ni ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe ni, idonsa a ƙasa, ya ɓace. Kun san yadda abin yake. Tun da ya auri ɗiyata bai taɓa cin abinci inda nake ba, bai taɓa kallon idona ba, ko na ce rana daga yamma take fitowa sai ya ce haka ne, Baba. Ɗiyata ta yi mana tuwon dawa miyar kuka da kifi, na ci har na kwance ɗamara.

Washegari bayan la'asar aka taru gindin tsamiya kusa da masallaci. An jingine baƙin allo, labarin yana rubuce daga sama har ƙasa, an ja layi ƙarƙashin sababbin kalmomi irin su ƙaura, guzuri, zango. Mai duba aji ya zauna kan kujera ya ce, to, wa zai karanta mana?

Mutanen da na ji da kunnena jiya suna cika kasuwa da gardama, kowa ya sami abin kallo a yatsun ƙafarsa. Babu magidancin da ke son ya yi tuntuɓe gaban baƙon ofis a kai labarinsa har cikin gida. Aka sake tambaya, babu wanda ya taso. Na dubi surukina, yana tsaye gaban allo da sandar nuni, aikinsa na shirin kuɓuce masa. Ganin haka na miƙe na ce ni zan buɗe musu hanya.

Layin farko na haye shi lafiya: “Yunwa ta shiga gari.” Na biyu da ƙyar: “Suka yi ƙaura.” Daga nan baƙaƙen suka fara yi mini yawo kamar tururuwa. Na ce a raina, ai labarin nawa ne, mene ne na wahala? Na kafa ido a allo kamar mai karatu na ci gaba daga ka. Illata guda, ban taɓa ba da labari iri ɗaya sau biyu ba. Na ce suka ɗora kaya a kan raƙuma, ayari guda, shugabansu yana gaba da takobi.

Sandar surukina ta tsaya cak. Ya san babu raƙumi a allon, amma ina bakin da zai gyara wa uban matarsa karatu gaban jama'a? Ya sunkuyar da kai, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

Sai wani tsohon maƙeri daga baya ya ce, “Baƙo, dakata. Ina kag ga raƙumi nan?”

Na ce, “Malam, labarin nawa ne fa.”

“Naka na, ba mu musa ba. Amma abin da ke ga allo jaki na, guda.” Ya taso yana ɗingishi, ya aza baƙin yatsansa a wurin, ya karanta a hankali, “Suka ɗora kaya a kan jaki.” Ya juyo ya ce, “Ko jakin na ya yi tozo bisa hanya?”

Wuri ya ɗauki dariya, har da mai duba aji, kuma bai waiga ba. Ni kuwa tunda na riga na jiƙe sai na ci gaba. Na ce guzurinsu kilishi ne da dabino, wani ya miƙe ya karanta cewa garin gero ne da ɗanyar kuka. Na ce a birni suka yi zango, mutum biyu suka taso tare suna ture juna, aka karanta mini cewa gindin ƙirya ne. Maƙeri ya ce wa surukina, “Malam, kai dai riƙa nuna muna wurin, mu ka gyara shi. Mu ba surukanshi ba ne.”

Da aka zo ƙarshe na ce sarkin garin da suka sauka ya tarbe su da doki da riga. Wani manomi ya taso, ya tsaya gaban allo, ya daɗe. Sannan ya karanta, kalma ɗaya bayan ɗaya, “Wata tsohuwa ta ba su wuta da irin gero.” Bai koma wurinsa nan da nan ba. Ya ce kakansa haka ya shigo garin nan, da jaki da fartanya, kuma mace ce ta fara miƙo musu wuta ta kan danga. Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Ashe rabin mazauna tabarmar jikokin baƙi ne.

Mai duba aji ya ce aji yana nan daram. Ya kuma sa surukina ya kwafa masa labarin ya kai wasu azuzuwan, amma na allo, ba nawa ba.

Dawowa ba ranar kasuwa ba ce, babu mota. Muka bi wasu masu jakai da suka ɗauko kifi har babbar hanya, ƙafafuna suka faɗa mini shekaruna, sannan muka sami motar da ta fito daga Jega ta sauke mu Tambuwal kafin magariba. Abin da na ƙaru da shi, magidanci ba zai yi karatu don mutumin ofis ba, amma zai yi don ya kama maƙaryaci, balle a kan labarin yadda kakansa ya zo. Na koma ajinmu na nan, tabarmar gaba nake zama yanzu inda gyangyaɗi ba ya ɓoyuwa.

Magana ɗaya ce har yau ban ba da amsarta ba. Surukina ya rako ni bakin gulbi ɗauke da jakata. Sai da na zauna cikin kwalekwale ya durƙusa, idonsa a kan yashi, ya ce, “Baba, jama'a sun ce a roƙe ka, in Allah ya kai mu rani, ka dawo ka ƙara yi musu kuskure.”