Tsohuwar da Ta Ƙi Sauka Daga Motata

Ni direban a-kori-kura ne, bokona bai yi nisa ba. Shekarar da mutanen Borno suka yi ta kwararowa Gombe, dattawan unguwarmu suka sa ni in riƙa kwaso su daga tasha ina kai su gidajen da aka samo musu. Doka ɗaya aka ba ni: in tambayi sunan mutum. In sunan na masallaci ne, unguwar Kagarawal. In na coci ne, Barunde, wajen wasu malaman makaranta da suka ba da ɗakunansu. Wai haka ya fi kwanciyar hankali, kowa wajen nasa. Ni ma a lokacin ban ga aibun abin ba.

Wata Laraba na ɗauko wa da ƙane daga wajen Gwoza, uwa ɗaya uba ɗaya. Babban Musulmi, ƙaramin Kirista. A can gida ɗaya suke, tukunya ɗaya. Uwarsu na tare da su, 'yar tsohuwa rungume da ƙullin kaya. Na tambayi sunanta, ta faɗi wani suna na yarensu, ba na masallaci ba, ba na coci ba.

Na ce, "Inna, salla kike yi ko coci kike zuwa?"

Ta ce, "Ni uwarsu ce."

Na fara sauke ƙaramin da iyalinsa a Barunde. Na ce ta sauko. Ta ce, "Wansa fa?" Na ce shi gaba za mu. Ta ce, "To ai ba mu iso ba." A Kagarawal ma haka, babban ya sauka, ita tana zaune a bayan mota kan buhu.

Na roƙi mai gidan Kagarawal ya haɗa su duka. Ya ce, "Malam, ba ni na ƙi ba, maƙwabta fa?" Na koma Barunde, malamin makarantar ya ba ni amsar nan sak. Na je wa babban dattijonmu, ya ce, "Kai direba ne ko alƙali? Ajiye ta inda ya fi kusa."

La'asar ta yi, mai ya kusa ƙarewa, Kagarawal kuma ta fi kusa da gidana, sai na koma da ita can. Ba wani tunani na yi ba, gaskiya ke nan. Na ce, "Inna, sauko ki huta, in je in sha mai, in dawo in kai ku wuri ɗaya." Ta dube ni ta daɗe, sannan ta miƙo mini hannu na sauko da ita.

Shekaru ke nan. 'Ya'yan sun nemi haya tare sun gaji, masu gida sunan mutum suke fara tambaya, kamar yadda na yi. Ƙaramin yakan zo ranar Lahadi, ya koma kafin magariba. Matar babban ta gaya mini har yau ba a kwance ƙullin nan ba.

Layin gidan ne hanyar da nake bi da lodin bulo, babu wata da motata za ta iya. Kullum tana zaune a ƙofa. Da ta ji ƙarar motar sai ta ɗaga hannu.

"Direba, ka sha man?"

In rage gudu, in ce, "Saura kaɗan, Inna."