Koren fentin Kawu

Shekaru sun ja, amma ko yau na ga koren fenti mai ƙyalli a jikin mota sai raina ya ɓaci. Abin da ya faru da katkat ɗin yayana a Faransa ba zai fita daga kaina ba har in koma ga Allah.

Wajen tsakiyar shekarun 1980 ne yayana ya rasu a Paris. Ya bar mata da yara uku a wani ƙuntataccen ɗaki a Aubervilliers, a gefen birnin, kuma matar ba ta da burin da ya wuce ta kwashe 'ya'yanta ta koma Damagaram. Dukiyar da ya bari mai tsoka ɗaya ce: tsohuwar katkat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, mai buɗaɗɗen baya. Ya saye ta wajen wani tsohon Nasara likitan dabbobi da ya yi aiki da ita a ƙasar Tahoua tun kafin 'yancin kai. Fentinta na asali ne, ruwan ƙasa, rairayi ya goge shi a gefuna. Kujerun na tamfol, sun koɗe amma ba su yage ba. Injin kuwa bugu ɗaya yake tashi.

Ni dai tsohon ƙarfe nake ganinta, sai wani maƙwabcin magazarmu, wato shagon da muke kasuwanci, ya ce akwai masu tara tsofaffin motoci a Lyon da ke neman irinta ido rufe. Biyu daga cikinsu suka zo har Paris. Wallahi dattijon cikinsu durƙusawa ya yi yana shafa ƙofar kamar ya ga ɗan'uwansa da ya ɓata. Suka yi tayin da zai kai matar yayana gida, har ta samu inda za ta sa kanta da yara. Da za su tafi dattijon ya riƙe hannuna ya ce kada a taɓa komai, a kawo musu ita Bron, kusa da Lyon, yadda take.

Sai tafiya ta kama ni zuwa Marseille karɓar kaya. Na bar lakile, wato makullin motar, hannun kawuna, ƙanin mahaifiyarmu, wanda ya yi shekaru yana dillancin motoci a Maradi kafin ya zo Paris. Na ce, "Kawu, a wanke ta kawai, don Allah."

Ya ce, "Kai dai je ka. Ni za ka koya wa mota?"

Ranar da na dawo na buɗe garaji, sai da na koma waje na duba ko na yi ɓatan ƙofa. Mota ta zama kore shar! Kujerun tamfol babu su, an sa jajaye na roba masu geza. An liƙa rediyo mai kaset, an naɗe sitiyari da jan leda, a baya kuma an rubuta addu'ar hanya da farin fenti. Kawu na tsaye gefe yana murmushi, jira yake in yi godiya.

"Innalillahi! Kawu, me na gani haka?"

"Aikin manya ka gani. Daga aljihuna na biya, don marayu. Wa ya taɓa kai mota kasuwa da tsohon fenti? So kake Nasara su ce ba mu san darajar kayanmu ba?"

"Ina kujerun?"

"Waɗancan tsummokaran? Na ba masu shara."

Haba! Ji na yi kamar in fasa ihu. Amma kawu ne, ba a ɗaga masa murya, kuma har ga Allah da zuciya ɗaya ya yi. A garinmu haka ake yi, dillalin da bai gyara kaya ba malalaci ne.

Duk da haka muka kama hanyar Lyon, ni ina tuƙi ina addu'a, shi ya sha babbar riga yana ta gwada kaset. A Bron muka tarar da mutanen sun taru su da yawa suna jira. Da na shigo da motar, duk suka juyo suna kallonta. Dattijon ya zagaya ta, ya sa farce ya ɗan kankare fentin, ya leƙa ciki. Sannan ya dube ni ya ce da Faransanci, "Ɗana, wa ya yi mata wannan?" Ya ce tarihin motar suke son saye, yanzu kuwa an shafe shi.

Na fassara wa Kawu. Dariya ya yi. "Dabarar ciniki ce, kushe kaya suke yi don su rage. Shiga mu tafi, za ka ji sun kira mu."

"Kawu, ba za su kira ba."

"Na ce shiga! A hankali za ka ja."

Na ja a hankali. Muka kai bakin ƙofa, Kawu yana leƙen madubi. Muka kai kwana, yana cewa in ƙara rage gudu. Babu wanda ya ɗaga ko hannu. Daga nan har Paris kaset ɗin ma bai sake kunnawa ba.

Abin da ya fi mini ciwo shi ne shiga ɗakin matar yayana. Na tarar ta riga ta ɗaure kwanukanta a buhu. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Kawu don mu ya yi. Kada ka tsananta masa." Ta durƙusa ta fara kwance buhun.

Motar mun sayar wa wani ɗan kasuwa a Porte de la Chapelle a farashin tsohuwar mota kawai. Matar yayana kuwa sai da ta ƙara shan sanyin hunturun Paris har sau uku tana sharar biro, wato ofis, kafin ta ga Damagaram.

Tun daga nan na koyi cewa kafin ka gyara wa mutum kayansa, ka tambayi abin da ake so a jikinsu. Niyya mai kyau ba ta isa ba, domin in ta kuskure, sau da yawa ba mai niyyar ke biya ba. Kawu har ya rasu yana cewa Nasaran Lyon ba su san mota ba. Matar yayana ba ta taɓa musa masa ba, ita da ta riƙe tsintsiya.