Ranar da Nama Ya Bar Kwanon Tassiou

Duk wanda ya zauna Greensboro ta Amurka a shekarun nan, in dai yana zuwa sallar Juma'a, ya san Malam Tassiou, in kuma bai san shi ba to ya ci namansa. Ɗan mahauta ne daga Maradi. Ya iso a 1999 da jaka ɗaya da wuƙaƙe uku na mahaifinsa naɗe cikin tsohon rawani. Litinin zuwa Juma'a yana ɗaukar kwalaye a wani sito da ke bakin babbar hanya. Ran Asabar kuwa sai ya hura gawayi a bayan ɗan gidan da suke haya a unguwar Glenwood, ƙamshin balangu ya bi layi har ɗaliban jami'a su riƙa leƙowa ta shinge.

Halinsa ɗaya kowa ya sani: bai yarda da mutum ba. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya yini yana lissafin abin da kake nema wurinsa. In ka wuce ba ka gaishe shi ba, to ai dama ya san za a rina. Matarsa Fassouma, wadda ke kula da wata tsohuwar Baturiya a unguwar Irving Park, takan ce ko ruwan famfo sai Tassiou ya shinshina kafin ya kai baki.

A watan Maris na 2006 suka je asibiti tare aka duba su. Turancin Tassiou a ƙofar sito yake ƙarewa, don haka Fassouma ce tafinta. Da suka koma karɓar sakamako, likitar ta yi magana mai tsawo, tana nuni da biro, ita kuma Fassouma ta juyo ta ce an ce lafiyarsa lau, ya dai rage gishiri. Tassiou ya auna tsawon maganar likita da tsawon fassarar, ya ga ba su zo daidai ba. Suna shirin fita kuma sai aka sake kiran Fassouma ita kaɗai aka rufe ƙofa, aka bar shi a baranda yana kallon takalminsa.

Kwana uku bayan haka nama ya fara janye jiki daga kwanonsa. Da fari tsoka huɗu ta koma biyu. Daga nan sai wake ya shigo gidan ya zauna daram: wake da safe, wake da rana, wake da shinkafar nan mai duhu da ba a surfe ba. Ga kabeji, ga karas, ga wani faffaɗan ganye da baƙaƙen Amurka ke dafawa. Busasshen zogalen da aka kawo musu tsaraba daga gida, wanda ya shekara a kabad ba wanda ya kalle shi, shi ma aka tayar da shi aka kwaɗa. Kifi sau biyu a mako. Lemon kwalba ya ɓace, lemon zaƙi da tuffa suka maye gurbinsa. Ran Asabar in ya ɓanɓaro gefen naman da ya ƙone, wanda tun yana yaro shi ne rabonsa, sai ta miƙo hannu ta karɓe. Ɗan mahauta guda, a ce yana tauna ganye kamar akuya!

Ba yunwa ce ta dame shi ba. Ya san wannan wasan, don shi ma ya taɓa buga shi. Lokacin da mahaifinsa ya kwanta a Maradi, likita ya ja Tassiou gefe ya gaya masa ciwon daji ne a hanji, kuma ya yi nisa. Tassiou ya koma ɗaki ya ce wa tsohon gyambon ciki ne kawai, ya sa aka ɗauke masa nama aka koma ba shi kunu da ganye. Haka ake yi a wajenmu, ba a ɗora wa majinyaci sunan ciwonsa. Tsohon ya rasu bai sani ba, kuma Tassiou ya sha ba Fassouma labarin nan da alfahari. Yanzu ga ganye a nasa kwanon. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Akwai wata takarda mai hoton kayan lambu da Fassouma ta manna a jikin firigo. Ya cire ta a ɓoye ya kai wa Malachy, wani ɗan Najeriya da suke aiki tare, wanda ya girma a Jos yana jin Hausa kamar jakin Kano. Malachy ya karanta ya ce jerin abinci ne da ake ganin yana iya rage haɗarin kamuwa da kansa, wato ciwon daji: wake, ganye, 'ya'yan itace, hatsin da ba a surfe ba, a rage jan nama da ƙonanne da mai gishiri. Ya ƙara da cewa kowa ma ana ba shi irinta, ta masu lafiya ce, ba magani ba ce. Tassiou kalma ɗaya ya ji cikin duk bayanin. Ya dubi Malachy da wutsiyar ido ya ce a ransa, ashe har kai an haɗa baki da kai.

Daga ranar ya fara shiri. Ya daina hura wutar Asabar. Ya wasa wuƙaƙen ya shafe su da mai ya mayar cikin rawanin. Bayan Juma'a ya riƙa tare mutane yana neman gafara, har waɗanda bai taɓa yi wa komai ba, mutane suka fara tambayar juna me Tassiou ke ƙullawa. A gida kuwa ya zama ɗan sanda. In Fassouma ta yi waya ta rage murya, ya kasa kunne. In ta tambaye shi ya jiki, ya ce me ta gani. Haushinta yake ji sosai, haushin da ya fi tsoron ma yawa, don ta mayar da shi yaro a gidansa.

Wata Lahadi bayan la'asar ta ce masa daga Talata za ta yi mako guda a Irving Park, 'ya'yan tsohuwar za su yi tafiya. Ya tashi shan ruwa, ya buɗe saman firigo don ɗaukar ƙanƙara, sai ya tarar da robobi jere reras, kowace da sunan rana a jikinta, wake da ganye har na mako biyu. Ya ɗauko ɗaya ya dire mata a kan tebur.

"Fassouma, ni ba yaro ba ne. Abin da na yi wa Baba shi kike yi mini. Wata nawa likita ta ba ni?"

Ta daɗe tana kallonsa kafin ta gane inda ya dosa. Sai ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, ta zauna.

"Malam, kai lafiyarka lau, wallahi. Ba Irving Park za ni ba. Tiyata za a yi mini ran Talata. A mama aka gani."

 Ta ci gaba, a hankali, tana jujjuya murfin robar. Ta ce an ce an gano shi da wuri, akwai fata mai kyau. Ta ce ta tambayi likitar ko abinci zai warkar da ita, aka ce a'a, nata sai wuƙa da magani. Amma da ta ba da labarin mahaifinsa, likitar ta ce shi Tassiou ya kamata ya kula da abin da yake ci, kuma ya je a duba hanjinsa, don abin yakan bi jini. Da ta faɗa masa hakan tun ranar, in ji ta, da ya ƙi zuwa ya ce asibiti na neman abin yanka ne.

"To me ya sa kika ɓoye mini naki?"

"Kai ka koya mini. Ka ce wanda ba zai iya ɗauka ba, ba a gaya masa."

Sai a lokacin ya dube ta da kyau. Wuyanta ya zurma, zoben hannunta yana yawo a yatsa. Wata biyu yana bincikar kwanonsa loma loma, bai lura ita ko cokali uku ba ta yi ba. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba ta da wurin ɓuya.

Ya tashi ya ɗauki waya ya kira Malachy, ya roƙe shi ya gaya wa shugaban aiki cewa ba zai zo ba wannan makon, matarsa ba ta da lafiya.  Da ya ajiye wayar ya ɗumama waken da ke cikin robar, ya juye a faranti ɗaya, ya kawo cokali biyu. Ya tura mata farantin gabanta, ya ce ba zai sa hannu ba sai ta fara.