Rumbun da Bai San Babba Ba

Ranar Litinin ta biyu a watan Afrilu, shekarar da kamfanin zanen gine-gine ya koma sabon bene, akawu ya shigo ofis ya tarar da wani dogon mutum kwance a ƙarƙashin teburinsa, da sukundireba a baki. Tun ranar ake ce masa Mai Wayoyi.

Ɗan mai gyaran rediyo ne, cikin ƙaurin darma ya taso. Matarsa tela ce, 'ya'yansu uku, ga kuma tsohuwarsa a gida. An ɗauke shi ne gwaji, da sharaɗin ya haɗa wa kamfanin rumbu guda, wato babbar kwamfuta a ɗakin ajiya inda kowane fayil zai zauna, kowa ya buɗe daga teburinsa, a daina yawo da filashi. In abin ya tsaya da ƙafafunsa, za a tabbatar masa da aiki.

A baki kam ba wuya. Amma manhajar kwamfutocin masu zane daban, ta ofishin kuɗi ta tsufa tukuf, wata ta ga rumbun yau, gobe ta ce ba ta san zancen ba. Ya sha fama har ya rame kafin ya sa su duka suka bi doka ɗaya: in wani ya buɗe fayil, sai ya kulle, na biyu ya jira.

Kowa ya saba, ban da Manaja. Wata safiya ya nemi takardar neman kwangila, allo ya ce masa tana hannun mai buga takardu.

"Mai Wayoyi! Ni zan jira yarinyar da na haifi kamarta?"

"Ranka ya daɗe, na'ura ba ta san babba ba. Wanda ya riga, shi ya riga."

"To, ka koya mata ladabi. Ko ita ke biyanka albashi?"

Mai Wayoyi ya yi bayani har yawunsa ya ƙafe. Ya zana akwatuna da kibiyoyi a allo, Manaja yana duba agogo. Babban mai zane ya ja shi gefe ya ce, "Ɗan'uwa, a ofishin nan ko ƙofa ba ta rufuwa in yana tafe. Yi masa abin da yake so."

Mai Wayoyi ya tuna gwajinsa saura ƙiris, ya cije leɓe, ya cire wa kwamfutar Manaja kullen ita kaɗai.

Ana gobe za a miƙa takardar neman kwangilar, Manaja ya buɗe ta da safe, ya gyara kalma ɗaya, ya fita taro ya bar ta a buɗe. Da yake kwamfutarsa ba ta kulle fayil, mai buga takardu ta buɗe ita ma, ta wuni tana shigar da sabbin ma'aunai, ko abinci ba ta ci ba. Da la'asar ya dawo ya danna ajiyewa, tsohon kwafinsa ya hau kan nata ya shafe shi. Ba wanda ya lura. Haka aka miƙa, aka kuma mayar wa kamfanin da ita saboda tsofaffin ma'aunan da ke ciki.

"Wa ya cire kullen?" in ji Manaja a gaban kowa.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Amma ai kai..."

"Shi ke nan, ya amsa da bakinsa."

Ba a tabbatar da shi ba. A ƙarshen watan ya tattara sukundirebobinsa ya tafi. Yanzu yana gyaran wayoyin hannu a wata rumfa kusa da shagon matarsa. Rumbun yana nan a ɗakin ajiya, an kashe shi, an ɗora masa kwalaye.